HAWAN SALLAH A JAMA'ARE DA KATAGUM: ABIN DA KE BAYAN ADON DAWAKI



Duk Sallar da ta zo ta wuce, sai shafukanmu su cika da hotunan hawa: ga Mai Martaba a ƙarƙashin laima, ga hakimai cikin alkyabba da amawali, ga 'yan bindiga, ga yara sun ɗare katanga da rassan bishiya don kada kallo ya wuce su. Amma in kun lura, yawancin samarin da ke ɗora hotunan ba sa rubuta Hawan Sallah, sai dai "Durbar". Sunan ya bi bakin mutane har wasu sun ɗauka Turawa ne suka ƙago mana hawan don su sami abin kallo. Maganar tana da ƙanshin gaskiya ta wani gefe, sai dai tushen ba nan yake ba, musamman a ƙasarmu ta Jama'are da maƙwabciyarta Katagum, inda a bayan doki aka kafa sarauta, a bayan doki kuma aka tsare ta.

Mu fara da abin da ya riga masarautunmu. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Hausawa. Littafin ya kuma jingina wa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage, ya ce a zamaninsa ne aka fara Sallar Idi a Kano. Idan mai karatu ya haɗa waɗannan wuri guda, zai ga kusan duk abin da muke kallo ranar Sallah ya riga ya haɗu fiye da shekara 400 kafin Bature ya kafa tutarsa a ƙasar nan.

To me ya sa sarki zai tara mahaya ranar Idi? Amsar ba ta da wuya. A wancan zamani ƙarfin sarki shi ne yawan dawakin da zai iya fitarwa in an buga tambarin yaƙi. Ba shi da barikin soja irin na yau. Dawakin suna hannun masu sarauta da barorinsu, kowa yana kiwon nasa a bargarsa. Sau biyu a shekara, da Ƙaramar Sallah da Babba, jama'a na taruwa dole saboda Idi, sai sarki ya ci moriyar taron: kowane basarake ya fito da mahayansa da kayan faɗansa, a gani da ido. Wanda dawakinsa suka ragu an gani, wanda ya ƙaru an gani, wanda kuma bai zo ba babu wani dalili, to fada ta san akwai magana. Jafin nan da muke yi wa tafi, inda mahaya ke sako dawaki a guje har gaban sarki sannan su ja linzami su yi jinjina, ma'anarsa ke nan: ga makamina a hannuna, ga ni a gabanka, kuma naka ne. Shi kuma sarki da ya tsaya cak bai motsa ba dawaki na tunkaro shi, yana nuna ya amince da mutanensa.

A yankinmu wannan ƙidaya ba ta wasa ba ce, domin mu ne bakin iyaka. Bayan da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, masarautun da suka tashi a wannan sashe, wato Katagum da Hadeja da Misau da Jama'are, sun tashi ne a ƙasar da take ƙarƙashin inuwar Barno. Gwani Mukhtar ya ci Birnin Ngazargamu a 1808. Da mutanen Barno suka ƙwato birninsu, Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa masarautar Katagum, ya sake cinsa karo na biyu. Amma Barno ba ta faɗi ba. Ta sami Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi, ta farfaɗo, ta ci gaba da zama babbar barazana daga gabas. Malam Zaki ya rasu a 1814, ya bar wa magadansa ƙasa mai faɗi da maƙwabci mai ƙarfi.

Akwai shaidar ido daga wancan lokaci. A farkon Janairun 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso tsohon garin Katagum daga Barno a kan hanyarsu ta zuwa Kano, zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya rubuta cewa tun kafin su shiga gari wani baran sarki ya tarye su a kan doki da ɗan kwandon goro, daga nan sai ga ayarin mahaya sun taso musu a sukwane suna kaɗa masu, makaɗansu na baya. Duk wanda ya taɓa kallon jafi ya san abin da Baturen nan ya gani. Ya kuma rubuta cewa ƙasar Katagum na iya fitar da mahaya kamar 4,000 da dakaru 20,000. Ni dai ina ganin a riƙe wannan adadi da hannu biyu, don baƙo abin da aka faɗa masa yake rubutawa, kuma ba sarkin da zai rage wa kansa ƙarfi a gaban baƙon da ya fito daga wajen abokin gaba. Amma ko rabi aka ɗauka, ba ƙaramin abu ba ne. Shi Likita Oudney bai kai Kano ba, ya rasu a Murmur cikin watan nan na Janairu. Shekara biyu bayan haka, a 1826, Elkanemi ya taso da runduna ta yamma har Ɗankauwa ya fice daga Katagum, sai da Yakubun Bauchi ya tare rundunar Barno a Fake sannan al'amura suka lafa.

Yanzu mu dawo gida. Jama'are ba ta taɓa zama babbar ƙasa ba. Tarihi ya jingina kafuwarta ga Muhammadu Wabi na ɗaya a wajen 1811, shugaban wata jama'ar Fulani da suka taso daga ɓangaren Barno. Amma Sakkwato ba ta tabbatar da ita a matsayin masarauta mai cin gashin kanta ba sai a 1835, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya saka wa Sambolei saboda gudummawar da ya kai masa a yaƙi da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya. A tsaya a nan a yi tunani. Daga bakin kogin Jama'are zuwa fagen daga a arewacin Katsina tafiya ce ta kwanaki masu yawa. Abin da Sambolei ya kai wa Bello ba zinariya ba ce, ba kuma yawan talakawa ba, mahaya ne da suka iya yaƙi. Su ne sanadin da ya sa yau ƙaramar ƙasa irin tamu take da sarki mai daraja ta ɗaya, wanda ke zama sahu ɗaya da na Bauchi da na Katagum. Saboda haka in mahaya sun jeru a ƙofar fadar Jama'are ranar Sallah, takardar shaidar masarautar ce ake karantawa, ko da masu kallo ba su sani ba.

Abin mamaki, jarrabawa mafi tsanani ba daga Barno ta zo mana ba, daga cikin gida ta fito. Sarkin Hadeja Buhari, wanda ya hau a 1848, ya yi wa Sakkwato tawaye, ya kori rundunar da aka aiko masa, sannan ya juyo kan maƙwabta. Katagum ta ɗanɗana, Jama'are kuwa da ƙyar ta sha. A cikin wannan hali ne, a shekarun 1850, Sarki Muhammadu Mauɗe ya gina ganuwar Jama'are mai tsayin kusan mita 6 da ƙofofi huɗu. Ba a sami sararin numfashi ba sai bayan da Buhari ya mutu a yaƙinsa da Bade a 1863. A irin waɗannan shekaru, sarkin da ya leƙa sahun mahayansa ranar Idi ya ga gurbin wane da wane babu kowa, ya san ba ado ya rasa ba, masu tsaron ƙofa ya rasa.

Akwai wani gefe na tarihin da ba a cika faɗa a wajen biki ba, amma ya kamata a faɗe shi. Doki dabba ce mai tsada kuma mai laulayi. Manyan ingarmu daga Barno da Asbin ake kawo su, damina na kashe su da cuta, kudu kuma ƙudan tsando ba ya barin su. Kullum sai an sayi sababbi. Da me ake saye? Sau da yawa da bayi. Tun a ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa Sarkin Barno na ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Da doki ake kai hari a kamo mutane, da mutanen kuma ake sayen wani dokin. Masu yankan ciyawa da masu share barga da zagagen da ke gudu a gaban doki, da yawansu ba da son ransu suka fara aikin ba. Faɗin wannan ba ya rage wa kakanninmu jarumtarsu, sai dai yana tuna mana cewa hawan na mutane da yawa ne, har da waɗanda ba su taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba.

Zamanin doki a fagen fama ya ƙare a 1903. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, kuma a ƙarshen watan mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka auka wa sojan Turawa a kusa da Kwatarkwashi, harsashi ya nuna cewa lifidi da sulke ba su da sauran amfani. Sarkin Jama'are Muhammadu Wabi na biyu ya bi Turawa a wannan shekara, haka ma Katagum, aka haɗa su cikin lardin Kano. Hadeja ta yi turjiya, aka ci ta da yaƙi a Afrilun 1906, sarkinta Muhammadu ya rasu a faɗan. A 1916 aka tashi hedikwatar Katagum daga tsohon gari zuwa Azare, sannan a 1926 aka mayar da mu lardin Bauchi.

A nan ne "Durbar" ta shigo. Kalmar asalinta Farisanci ce, tana nufin zaman fada, kuma Ingilishi sun tsince ta ne a Indiya, inda suka yi manyan tarukan sarakuna a Delhi a 1877 da 1903 da 1911 don nuna ikon sarautar Ingila. Lugga ya yi aikin soja a Indiya, ya san amfanin irin wannan taro. Ranar 1 ga Janairun 1913 ya tara sarakunan Arewa da mahayansu a Kano. An sake yi a Kano a 1925 don Yariman Ingila, aka yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, bayan mulkin kai kuma aka yi na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. Bakin Bahaushe ya tauna kalmar ta koma Hawan Daba, kuma ba ta da wata dangantaka da 'yan daban unguwa, ko da yake halin wasu yara a wajen hawa yanzu yana sa mutum ya yi kokwanto. Bambancin a fili yake. A Hawan Sallah jama'a ce ke gaishe da sarkinta bayan ta sauko daga Idi. A Hawan Daba sarakuna ne da kansu ake jerawa su gaishe da wani na sama da su. Turawa sun ari doki da kakaki da jafi, suka juya musu fuska.

Sai dai kuma, in za a yi adalci, mulkin Turawa ya ƙara wa Hawan Sallah wani abu ba da niyya ba. A da, musamman a manyan masarautu irin su Kano, yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ke zuwa ƙauyuka. Turawa ne suka yanka gundumomi suka tura kowane hakimi ya tare a tasa don karɓar haraji da jangali. Daga nan Sallah ta zama lokacin da hakimi ke dawowa birni da dagatansa da makaɗansa, kowa na son a ce tawagarsa ta fi. Gasar ado ta maye gurbin gasar yaƙi. Lifidin da aka ɗinka da auduga don tare kibiya ya koma na launi-launi, sulke ya koma kayan gado da ake fitarwa sau biyu a shekara. A zamanin En'e abin bai yi wuya ba, tunda baitulmali da 'yan doka da alƙalai duk a hannun sarki suke. Bayan 1967 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Aka bar sarakuna da hakimai da nauyin hawa, aka ɗauke aljihun da ke ɗaukar nauyin. Cewa hawan ya rayu bayan wannan, a ganina, yabo ne ga sarakuna irin su marigayi Alhaji Ahmadu Muhammadu Wabi na uku, wanda ya riƙe Jama'are fiye da shekara 50 har rasuwarsa a Fabrairun 2022, da marigayi Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar, wanda ya yi daga 1980 zuwa 2017. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ja zamanin magadansu, Alhaji Nuhu Ahmadu Wabi da Alhaji Umar Faruƙ na biyu.

Ba mu kaɗai ne muke haɗa ranar ibada da hawan doki ba, kuma duba na wasu yana taimakawa a gane namu. A kudancin Jamus akwai wani ƙaramin gari, Weingarten, inda mabiya ɗariƙar Katolika ke yin hawa sau ɗaya a shekara, ranar wata Juma'a, makonni bayan bikin Ista. Limamin coci ne ke hawa doki ɗauke da wani abin tarihi da suke girmamawa, a zaga gari da gonaki ana addu'ar albarka. Akwai rubutacciyar shaidar hawan tun 1529, kuma har yau dawaki kan kai kusan 2,000. A Kotzting, wani ƙaramin gari a jihar Bavaria, suna jingina nasu hawan ga wani alkawari da aka ɗauka a 1412. Aƙidarsu daban, tamu daban, ba wannan ne ya sa na kawo su ba. Abin lura shi ne tarakta ta kori doki daga gonakin Jamus tun shekaru da dama, kuma ba su da hakimi ko sarkin da zai tilasta wa kowa ya fito. Abin da ya riƙe hawan Weingarten shi ne ƙungiyoyin mahaya kusan 100 na garuruwa da ƙauyukan kewaye, kowace da tutarta da makaɗanta.

Mu a nan har yanzu nauyin na kan ɗaiɗaikun mutane. Duk mai doki a turke ya san abin da harawa da dusa da dawa da kanwa ke ci a wata, ga ɗan barga, ga magani. Da yawa sun sayar, sai Sallah ta matso a shiga neman haya ko aro, shi ya sa za ka ga yaro bai san dokin ba, dokin bai san shi ba, an sake su cikin taro. Mafi yawan haɗarin da ake samu a wajen kilisa da sukuwa daga nan yake fitowa. Mun kuma ga yadda hawa ke tsayawa cikin sauƙi. Hare-haren bam da aka kai Azare a 2014 sun sa kowa ya ji tsoron taro, annobar korona ta hana hawa a Arewa a 2020, a Kano kuwa 'yan sanda sun hana shi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta, alhali a Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan Kanon cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A jiharmu ma, sababbin masarautu 13 da aka ƙirƙiro a 2025 za su sauya wa zai hau a bayan wa, domin basaraken da ya saba kai jafi wani gari yanzu shi za a kawo wa.

Amma abin da ya fi damuna ba dokin ba ne, don in da kuɗi ana sayen doki. Ilimin ne. Tambayi saurayin da ya hau bana ya bambance maka akawal da bikili da gunya da hurde da danda. Tambaye shi jalala da dauki-saka da kamazuru da majayi, ko aikin Shamaki da na Madaki da na Sarkin Zagi a jerin hawa. Kowane basarake yana da takensa da ganga ko algaita ke faɗa, wanda dattijo na jin sa daga nesa zai ce ga wane nan tafe tun bai ga rawaninsa ba. Dukawan da ke ɗinka kayan doki da maƙeran linzami da likkafa suna tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a, kuma ba laifinsu ba ne tunda ciniki na kwana biyu a shekara ba ya riƙe gida. Jerin wanda ke gaba da wanda ke baya a hawan Jama'are, da dalilin da ya sa haka, yana cikin kawunan 'yan tsirarun dattawan fada ne, alhali a cikin jerin nan tarihin gidajen gari yake: wa ya zo da Wabi, wa ya tsaya a ƙofa zamanin Buhari, wa aka naɗa daga baya.

Wannan aiki ne da ƙungiya irin tamu za ta iya ba tare da jiran gwamnati ba. Waya mai ɗaukar murya ta isa, da matasa biyu ko uku masu ladabin zama gaban manya, a nemi izinin fada, a zauna da zagage da makaɗa da 'yan barga kafin Sallah mai zuwa, a rubuta sunan kowace tawaga da takenta da kirarinta. 'Yan'uwanmu na Hanafari da Dogon Jeji da Galdimari da Jurara su ma su yi na garuruwansu, haka na Azare da Shira da tsohon Katagum. Wanda kuma yake da tsohon hoton hawa a gida, ko na zamanin En'e ne da ya dushe, ya ɗauke shi da waya ya turo ta akwatin saƙon wannan shafi, tare da shekarar da aka ɗauka da sunan sarautar wanda ke kan dokin.